Kuskuren ya daina fitowa, amma amsar tawa daidai ce kuwa?

Sabuwar Ɗaliba:
Assalamu alaikum. Don Allah masu Python ku duba min wannan. Ina da jerin awon zafin rana na kwana biyar, ina so in fitar da bambancin kowace rana da wadda ke biye mata. Ga abin da na rubuta:

zafi = [31, 33, 30, 35, 34]
for i in range(len(zafi)):
    print(zafi[i + 1] - zafi[i])

Yana buga 2, -3, 5, -1, daga nan sai ya tsaya da jan rubutu: IndexError: list index out of range. Sai na sauya layin ƙarshe ya koma zafi[i] - zafi[i - 1], yanzu kuma yana tafiya har ƙarshe ba wani ƙorafi. Abin da yake bugawa shi ne -3, 2, -3, 5, -1. Shi kenan na gyara, ko da sauran magana? Hankalina bai kwanta ba, don ban gane dalilin da ya sa na farkon ya ƙi, na biyun ya yi ba.

Mai Manhajar Waya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na farkon ya ƙi ne saboda a zagaye na ƙarshe i ya zama 4, kika nemi zafi[5], alhali jerin naki ya ƙare a gurbi na 4. Idan kina son ki ci gaba da na farkon, ki sa shi cikin try, ki kama IndexError da except, ki ce pass. Zai buga huɗun nan ya wuce lafiya. Kada ƙaramin abu irin wannan ya tsayar da ke, aiki na gaba yana jira.

Malamin Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. 'Yata, rashin kwanciyar hankalin nan naki shi ne daidai, ki riƙe shi. Ba ki gyara ba tukuna.

Ki ɗaga hannunki ki buɗe yatsu. Yatsu biyar ne, amma ratar da ke tsakaninsu huɗu ce. Kwana biyar ma bambanci huɗu ne a tsakaninsu. To yanzu ki ƙirga amsoshin da kod ɗinki na biyu ya ba ki. Biyar ne. Ɗaya daga cikinsu baƙuwa ce, kuma ita ce ta farko, wato -3 ɗin can.

Ga inda ta fito. A zagayen farko i sifili ne, saboda haka i - 1 ya zama -1. A Python, lambar gurbi mai alamar ragi ba laifi ba ce, daga ƙarshen jeri take ƙirgowa. zafi[-1] shi ne na ƙarshe, wato 34. Abin da kwamfutar ta lissafa kenan 31 a cire 34. Ta haɗa ranar farko da ranar ƙarshe kamar maƙwabtan juna ne, ta ba ki -3, ba ta ce miki uffan ba. Abin da ya fi damuna shi ne -3 ta yi kama da amsa ta gaskiya. Da ta ba ki 900 da kin lura nan take.

Kod ɗinki na farko ya fi na biyu gaskiya. Duk amsoshin da ya buga daidai ne, kuma da ya zo inda ba zai iya ba sai ya tsaya ya faɗa miki.

Sabuwar Ɗaliba:
Ashe haka ne Malam! Na ƙirga, biyar ne. To idan na bar shi zafi[i] - zafi[i - 1], sai in hana i farawa daga sifili kenan? Wato range(1, len(zafi))?

Malamin Kwamfuta:
Madalla, haka ne. Da range(1, len(zafi)), i zai bi 1, 2, 3, 4, zagaye huɗu cif. Idan kuma tsarin farko kike so, mai i + 1, sai ki rage daga ƙarshe: range(len(zafi) - 1), i ya bi 0, 1, 2, 3. Duka biyun amsa ɗaya za su ba ki. Ƙa'idar da nake ba ɗalibaina ita ce, duk lokacin da ka rubuta i + 1 ko i - 1 a cikin zagaye, ka tsaya ka tambayi kanka me zai faru a zagayen farko, me zai faru a na ƙarshe. Na tsakiya ba kasafai suke ba da matsala ba.

Sabuwar Ɗaliba:
Na gwada duka biyun, 2, -3, 5, -1. Allah ya saka da alheri Malam.

Mai Manhajar Waya:
Malam, ban musa bayaninka ba, amma ai shawarata ma amsa huɗun nan za ta bayar, daidai da taka. Ina laifin try a nan? Python ɗin ma tana ƙarfafa mutum ya gwada abu, idan ya ƙi ya kama kuskuren. Ni damuwata ita ce sababbin shiga da yawa suna gudu ne saboda jan rubutun nan. Wanda ya ga kod ɗinsa ya tashi yau, gobe zai dawo. Wanda ya kwana yana fama da lambar gurbi, wataƙila ba za ka sake ganinsa ba.

Malamin Kwamfuta:
Damuwarka a kan hanya take ɗan'uwa, ni ma na ga masu gudun. Kuma gaskiya ne a wannan misalin amsarka za ta fito daidai. Amma ka duba abin da za ta koya. Za ta koyi cewa idan IndexError ya fito, toshe masa baki ake yi. Gobe tana da jeri biyu, na sunaye da na maki, ɗaya ya gaza ɗaya da abu guda saboda an tsallake layi wajen karanto fayil. IndexError zai fito yana gaya mata bayananta sun samu naƙasu, ita kuwa ta riga ta sa pass. Mutum guda zai ɓace daga sakamako, ko a ba wani makin wani, ba wanda ya sani.

try yana da wurinsa. Fayil da kake nema babu shi, intanet ya yanke, mai amfani ya rubuta harafi inda ake son lamba. Waɗannan abubuwa ne da ba sa hannunka. Amma iyakar zagayen da kai ka rubuta da hannunka, a kan jerin da ka san tsawonsa, wannan lissafinka ne, gyara shi ake yi.

Mai Shafukan Intanet:
Ni ina bayan Malam a nan, kuma dalilina daga JavaScript yake. Ku masu Python ku gode da jan rubutun da kuke samu. A wurinmu idan jeri yana da abu biyar ka nemi a[5], ba ya tsayawa, undefined kawai zai miƙo maka. Ka tara undefined da lamba ka samu NaN, wato "ba lamba ba", NaN kuma duk abin da ya taɓa a lissafi ya zama NaN. Sai ka ga jimla ta fito NaN can a fuskar shafi, alhali ɓarnar ta faru a wani fayil daban, layi da yawa a baya. Daga nan sai bin sawu da baya da baya. Kuma a[-1] ba ya ba da na ƙarshe a wurinmu, shi ma undefined ne. Sai a ƙa'idar harshen ta 2022 aka shigo da a.at(-1) don wannan aikin. Wanda ya taso daga Python ya shigo JavaScript yakan faɗa wannan ramin.

Amma Malam, ni da ni ne zan ce mata ta bar lambar gurbi gaba ɗaya inda ba dole. A Python ai tana iya cewa:

for yau, gobe in zip(zafi, zafi[1:]):
    print(gobe - yau)

Babu i, babu len, babu inda za a zarce. zip yana tsayawa da zarar gajeren jerin ya ƙare.

Malamin Kwamfuta:
Wannan ya fi kyan gani, kuma a aikin gaske shi zan rubuta. Haka ma for x in jeri ya fi range(len(jeri)) idan abubuwan kawai kake so, enumerate kuma idan kana son abu da gurbinsa tare. Sai dai ba zan fara ba ta shi ba sai ta iya na hannun. Dalili kuwa, tsayawar da zip yake yi shiru idan gajeren ya ƙare, a nan alheri ne, a misalin sunaye da maki kuwa ita ce ɓarnar da nake gudu. Shi ya sa daga Python 3.10 aka ƙara masa strict=True, don ya yi ƙorafi idan tsawon bai zo ɗaya ba. Yankan jeri ma haka yake: zafi[10] zai tsayar da kai, amma zafi[10:20] jeri fanko zai ba ka ba tare da wata magana ba. Wanda bai san inda gurabensa suke ba, waɗannan sauƙaƙan hanyoyin ɓoye masa matsalar za su yi.

Mai Ƙididdiga:
Ku yi min afuwa in shigo da wata magana. Ni da R nake aiki, kuma har yau ina ganin tushen wahalar nan shi ne fara ƙirga daga sifili. Mutum tun yana ƙarami ya san na farko shi ne na ɗaya. Sai a zo a ce masa na farko shi ne na sifili, na biyar kuma shi ne na huɗu. Ta yaya ba zai ruɗe ba? A R, da MATLAB, da Lua, da Julia, da Fortran, daga 1 ake farawa, jeri mai abu biyar na ƙarshensa x[5] ne, kamar yadda hankali yake ɗauka. Fortran ya girmi C da shekaru, kuma da shi aka yi manyan lissafe-lissafen kimiyya. Ba wai ba a san wata hanya ba ne.

Injiniyan C:
Malama, sifilin nan ba don a wahalar da kowa aka sa shi ba. A C, sunan jeri yana nuna adireshin farkonsa a memori, lambar da ke cikin baka kuma nisa ce daga wannan farkon. a[0] yana nufin kada ka matsa ko'ina, a[3] yana nufin ka matsa gurbi uku. Shi ya sa a C, a[i] da *(a + i) abu ɗaya ne. Dennis Ritchie ya gina C a farkon shekarun 1970 a Bell Labs, kuma C++, Java, JavaScript da Python duk sun bi wannan tsarin. Idan sabon shiga ya daina karanta a[3] a matsayin na uku, ya koma karanta shi a matsayin wanda abu uku suka gabace shi, ruɗanin yana raguwa sosai.

Masanin kimiyyar kwamfuta Edsger Dijkstra ma ya yi wata gajeriyar takarda a 1982 a kan wannan. Hujjarsa ita ce a haɗa da iyakar farko, a bar ta ƙarshe a waje. Da haka, idan ka cire farko daga ƙarshe ka samu yawan abubuwan kai tsaye, kuma yanki biyu maƙwabta suna haɗuwa ba giɓi ba maimaici. Ki duba a Python: zafi[0:2] da zafi[2:5]. Na farko abu 2, na biyu abu 3, lambar 2 da ɗaya ya ƙare da ita da ita ɗayan ya fara. Ba ka buƙatar ƙara ɗaya ko rage ɗaya a ko'ina.

Mai Ƙididdiga:
Na ji hujjar, kuma ta yankan jeri tana da ƙarfi, ban ƙi ba. Amma wannan sauƙi ne ga wanda ya riga ya ƙware. Ni maganar mai koyo nake yi.

Malamin Kwamfuta:
Malama, mu ɗauki aikin ɗalibar nan mu kai shi R mu gani. Ta rubuta for (i in 1:length(zafi)), a ciki ta ce zafi[i + 1] - zafi[i]. A zagaye na ƙarshe i ya zama 5, ta nemi zafi[6]. Zarcewar tana nan yadda take, sai dai R ba zai tsaya ba, NA zai ba ta, wato alamar babu bayani. Farawa daga 1 bai ceto ta ba, domin matsalarta ba daga inda ake fara ƙirga take ba. Abu biyar ne da rata huɗu, ko da wane harshe.

Mai Ƙididdiga:
Wannan gaskiya ne. Kuma tunda an zo nan, bari in faɗi tarkon da ke R don masu shigowa daga Python. x[-1] a wurinmu ba na ƙarshe yake bayarwa ba, cire na farko yake yi ya ba ka sauran duka. x[0] kuma fanko yake dawowa da shi shiru. Sannan 1:length(x) ɗin da Malam ya rubuta, idan jerin fanko ne yana zama 1:0, R kuma ya ƙirga shi da baya, 1 sannan 0, zagayen ya gudana sau biyu a kan jerin da ba komai a cikinsa. Shi ya sa muke cewa a yi amfani da seq_along(x). Duk da haka ina nan a kan cewa ga yaro mai fara koyo, 1 ta fi saurin shiga kai.

Injiniyan C:
A kan wannan kam ba zan ja da ke ba, ke kika fi ni zama da masu koyo.

Abin da nake so sababbin shiga su ji shi ne yadda abin yake a inda babu mai tsaron iyaka ko kaɗan. Ga shi a C:

int a[5];
for (int i = 0; i <= 5; i++) a[i] = 0;

Alamar daidai guda ɗaya ce ta yi yawa, <= a maimakon <. Java da ya ga irin wannan zai jefo ArrayIndexOutOfBoundsException, har ya gaya maka gurbi na 5 ya fita daga jeri mai tsawon 5. C ba ya dubawa. Zai je gurbin da ke bayan jerin ya rubuta sifili a kan duk abin da ya tarar. Wataƙila wurin ba kowa, firogiram ɗin ya yi ta aiki lafiya. Wataƙila wani canjajjen naka ne, wato variable, ke zaune a wurin, ka ga darajarsa ta sauya ba ka taɓa shi ba. Wataƙila ya faɗi da segmentation fault. A kwamfutarka ya yi, a ta malaminka ya ƙi, kod ɗaya. Ƙa'idar C cewa ta yi ba a ayyana abin da zai faru ba, don haka komai yana iya faruwa.

Wanda ke koyon C, don Allah ya riƙa haɗa kod ɗinsa da gcc -g -Wall -fsanitize=address. Da wannan, da zarar ka zarce iyaka firogiram ɗin zai tsaya ya nuna maka fayil da lambar layi.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan ciwon 'yan koyo ne kaɗai. Heartbleed, wani giɓin tsaro da aka bayyana a Afrilun 2014 a cikin OpenSSL, manhajar kare sirrin saƙonnin intanet, karanta abin da ya wuce iyaka ne: mai aiko saƙo ya faɗi tsawon da ya ga dama, ba a duba ko gaskiya ne ba, sai a kwaso masa har kilobait 64 daga memorin sabar a kowace tambaya, da kalmomin sirrin mutane a ciki. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma, sabuntawar manhajar kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci masu Windows, Microsoft ta ƙiyasta sun kai miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga matsala. A rahoton da kamfanin ya fitar da kansa, an tsara za a karɓi bayanai 21, aka kawo 20, kod ɗin ya je karanta na 21 wanda babu shi. Bambancin guda ɗaya ne, irin wanda muke magana a kai tun ɗazu.

Mai Manhajar Waya:
To na karɓa a kan pass, ba zan ƙara ba sabon shiga wannan shawarar ba. Amma Malam, a faɗa musu abin da za su yi a aikace idan jan rubutun ya fito, don tsoron shi ne matsalar. Ni dai dibaga, wato manhajar bin sawun kuskure, nake buɗewa in sa wurin tsayawa in bi layi layi.

Malamin Kwamfuta:
Dibaga yana da kyau ga wanda ya saba. Ga mai farawa, ya fara karanta saƙon daga ƙasa, don a Python layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma ya nuna fayil da layin da abin ya faru. Da yawa ba sa karantawa, da sun ga ja sai su koma kod suna sauye-sauye. Daga nan ya sa print(i, len(zafi)) a saman layin da ya faɗi. Lambobi biyun nan kaɗai sukan warware zancen, domin IndexError na Python ba ya gaya maka wace lamba ka nema, kai za ka bugo ta. Idan ka ga 4 da 5, kuma ka san ka rubuta i + 1, ka gama.

Sannan ya rage jerin. Kada ya yi gwaji da abu ɗari. Ya gwada da jeri fanko, da mai abu ɗaya, da mai abu biyu, ya rubuta a takarda abin da yake sa ran gani kafin ya danna. Wannan rubutawar kafin gani ita ce mutane ke tsallakewa, ita ce kuma da za ta kama -3 ɗin can.

Masu tebur mai layi da shafi kuma, kada su gwada da 3 sau 3. Idan ka juya tebur[layi][shafi] ya koma tebur[shafi][layi], mai tsawo da faɗi ɗaya ba zai taɓa yin ƙorafi ba. Ka gwada da 2 sau 3.

Ɗalibin Shekarar Farko:
Malam, don Allah nawa fa? Ba ya ba da kuskure, amma amsar ba daidai ba ce. Ina so in cire duk lambar da 2 ke raba ta:

lambobi = [2, 4, 6, 7]
for x in lambobi:
    if x % 2 == 0:
        lambobi.remove(x)

Ina sa ran [7], sai ya bar min [4, 7]. Kuma ni ban ma yi amfani da lambar gurbi ba, yadda Yaya mai JavaScript ya ce.

Malamin Kwamfuta:
Kai ba ka rubuta ta ba ɗana, amma Python tana riƙe da ita a ɓoye. Mu bi shi tare. Tana gurbi na 0, ta ga 2, ka cire. Jerin ya koma [4, 6, 7], kowa ya matso baya da gurbi ɗaya, 4 ya dawo gurbi na 0. Ita kuwa ta gama da 0, ta wuce gurbi na 1, wanda yanzu 6 ne a ciki. Ba a taɓa duba 4 ba. Ka cire 6, jerin ya koma [4, 7], ta wuce gurbi na 2, babu kowa, zagaye ya ƙare. Ko 7 ɗin ma ba a duba shi ba, sa'a ce kawai ta sa dama shi ba na cirewa ba ne.

Da ka yi shi da range(len(lambobi)) da del, IndexError za ka samu, don range ya ɗauki tsawon 4 tun farko, jerin kuma yana ta raguwa a ƙarƙashinsa.

Kada ka cire daga jerin da kake zagayawa a kai. Ka gina sabo:

saura = [x for x in lambobi if x % 2 != 0]

Injiniyan C:
Idan kuma dole sai a cikin jerin nan za ka cire, ka taho daga ƙarshe: for i in range(len(lambobi) - 1, -1, -1). Duk wanda ka cire, waɗanda za su matso ka riga ka duba su. Ka lura da -1 na tsakiya, ita ce iyakar da ba a haɗawa da ita. Idan ka sa 0 a wurinta, zagayen zai tsaya a gurbi na 1, 2 ɗinka na farko ya tsira. Ka gwada duka biyun da [2, 4, 6, 7] ka turo mana abin da kowanne ya buga.